Baƙon da Na Kai Gidan Alhaji Isufu a Gwanzu

Da sunan Allah nake farawa, wanda Yake kai bawa inda bai taɓa zato ba, Ya kuma dawo da shi gida.

Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, wadda aka yi ta nuna mutane a talabijin suna gudu da wuta a hannu daga gari zuwa gari, ita ce shekarar da na je Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suke kira Gwanzu. Tun da na dawo, ba a tashi daga majalisarmu ta bayan La'asar sai wani ya ce, Malam Habibu, wai yaya can ɗin take? Na yi ta ba da labarin a gutsuttsure har na fara jin ana mayar mini da shi da ƙari, wai har kwana na yi a hannun 'yan sanda. Ban kwana ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajami, rubutun da na iya, ɗana ya juya shi zuwa boko, don kowa ya karanta ya huta da tambaya.

Ni ba matafiyi ba ne. Rumfar takalma muke da ita a Ƙofar Wambai ni da yayana Alhaji Sani, shi ne mai zuwa saro, ni mai zaman rumfa. A wannan shekara gwiwa ta hana shi motsi, ga shi kuma in ba a sa takalman Salla a jirgin ruwa cikin Rajab ba, sai dai su iso bayan an gama kwalliya. Dole ta sa na tashi. Ya rubuta mini lambar mai masaukinsa, wani Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, ya ce in na shiga hannunsa na shiga hannun ɗan'uwa.

Biza ta yi wuya ƙwarai a shekarar, saboda wasannin. Da ta fito, muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, muka sake tashi. Abin da ya fi damuna a jirgi ba tsoro ba ne, lokacin salla ne. Agogon hannuna yana cewa dare, taga tana cewa hantsi. Na yi sallolina a zaune na bar wa Allah sauran.

A filin jirgin Gwanzu wata jami'a ta daɗe tana duban fasfona tana duban fuskata, ta nemi tikitin komawa, ta nemi sunan inda zan sauka, sannan ta buga hatimi. A wajen binciken kaya aka ciro ƙunshin kilishin da na yo wa mai masaukina tsaraba. Jami'in ya shinshina, ya nuna mini wani allo mai hoton nama an ja masa jan layi, ya ajiye ƙunshin gefe. Kuka da daddawa kuwa ya juya su ya juya, bai gane kansu ba, ya mayar mini.

Alhaji Isufu yana bakin ƙofar fita daga filin jirgin yana jirana, dogon mutum siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Gidan da yake sauke baƙi yana hawa na tara a wani dogon bene kusa da babban titin da ake kira Huanshi Lu. Haya yake yi a wajen wata dattijuwa 'yar ƙasar, Madam Lam. Ɗaki ɗaya nasa ne da iyalinsa, Hajiya Rabi, sauran uku na baƙi, masu zuwa saro su yi mako biyu ko uku su koma. Da wannan yake ci, da shi yake riƙe da gidansu a Maraɗi. A lokacin kowane ɗaki cike yake, don garin ya ɗinke da mutane. Wasannin a Beijing za a yi su, amma baƙin duniya ta ko'ina suke ɓullowa, otal-otal sun cika, kuma in baƙar fata ya tambayi ɗaki, amsar da ya fi ji ita ce "meyo", wato babu.

Tun ranar farko na lura da wani hali na Alhaji Isufu, sai dai ban gane nauyinsa ba sai daga baya. Ba ya gaya wa baƙo yi kaza, bar kaza. Da na tashi yin Azahar na duba rana na shimfiɗa darduma ta fuskanci gabas kamar yadda na yi duk rayuwata. Kafin in tayar da kabbara ya shigo, ya tsugunna, ya juya dardumar ta kalli yamma, ya fita bai ce uffan ba. Sai a lokacin na tuna na wuce Makka, ta koma bayana. Na cire takalmina a ƙofar gida ta waje, na dawo na tarar da su a ciki. Wani baƙo ya yi alwala a baranda, ruwa ya zuba ƙasa kan shanyar mutane, Alhaji Isufu ya sauka da kansa ya ba da haƙuri, ya dawo ya goge wurin, ya ajiye butar a banɗaki. Washegarin zuwana kuma ya ce in ɗauko fasfona mu je mu gaisa da hukuma. Muka je caji ofis na unguwar, wanda su mutanen Nijar suke kira kwamisariya, aka rubuta sunana, aka ba ni wata 'yar takarda. Ni duk a zatona ladabi ne irin na kai baƙo ya gai da mai unguwa.

Abinci bai wahalar da ni ba. Da dare Hajiya Rabi tana yi mana tuwon shinkafa, kukar da na kawo ma ta yi rana. Da rana kuwa sai mu shiga wajen Musulmin ƙasar, masu fararen huluna, waɗanda suke jan taliya da hannu a gabanka har ta yi siriri kamar zare. Sai dai su ba ka tsinke biyu wai ka ci da su. Na yi fama, taliya tana zamewa tana faɗawa cikin romo tana fantsamar mini a riga, har mai shagon ya ji tausayina ya kawo cokali mai yatsu. Ruwan sha kuma da zafinsa suke kawowa, ga garin da gumi kamar an rufe ka cikin tukunya. Mu a gida ruwan randa mai sanyi ake tarar baƙo da shi, su kuwa a wajensu sanyin ne cuta.

Kasuwar takalma tana Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, benaye ne shaƙe da takalma tun daga ƙasa har sama. Ba a ciniki da baki. Mai shago, wanda ake ce wa "lauban", sai ya danna farashi a kalkuleta ya miƙo maka, ka goge ka danna naka, ya dafe ƙirji kamar ka soke shi, ya sake dannawa. Yawancinsu mata ne, kuma ban ga wadda ta tambaye ni lafiyar iyali ko gajiyar hanya ba. Da farko na ɗauka rashin mutunci ne. Daga baya na ga ranar da suka ce kaya za su fito, ranar suke fitowa.

Kwana huɗu Alhaji Isufu yana raka ni ko'ina. A na biyar sababbin baƙi suka sauka, ya tafi tarbarsu, ni kuma na ce bari in je unguwar Tianhe in sayo wa ɗana waya, tunda an ce jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa. Zuwa na je lafiya. A dawowa na fito ta wata ƙofa daban, na ga duk benayen iri ɗaya ne. Na tsayar da tasi, na faɗi sunan unguwarmu sau uku, direba ya girgiza kai ya wuce. Sai da na yi kusan awa biyu ina yawo kafin Allah ya haɗa ni da wani mutumin Kumasi mai jin Hausa. Ya yi mamaki da ya ji ba ni da katin gida. Ya ce kowa a nan yana yawo da sunan masaukinsa a rubuce da rubutun ƙasar, ya nuna wa direba kawai. Da na koma na faɗa wa Alhaji Isufu, sai ya buɗe aljihun tebur, ga katunan nan jibge. Ya ce ya ga kamar in ya miƙa wa babban mutum kati, ya ce masa ke nan ba zai raka shi ba.

Ranar Juma'a ta biyu, bayan an sallame, na ji an dafa kafaɗata. Sale ne, wanda muka yi karatu a zaure ɗaya muna yara, yanzu Alhaji Sale mai agoguna. Yana tsaye da jakarsa a hannu. Kwanakin da ya kama a otal sun ƙare, sun ce ɗakin an riga an ba wani, ya zaga wurare duk meyo, jirginsa kuma sai jibi. Ban yi wani tunani ba. Na ce ya taso mu tafi, akwai wuri a ɗakina. Ban kira Alhaji Isufu na tambaye shi ba, don a ganina tambayar ma cin fuska ce, kamar ina zaton zai iya cewa a'a.

Da muka shiga, Alhaji Isufu ya dubi jakar, ya dubi Sale. Sannan ya yi masa sannu da zuwa, ya sa aka ƙara tuwo, ya kawo katifa da hannunsa. Ashe a ransa yana lissafin ya kai shi kwamisariya da safe ne kafin wani ya gani.

Wani ya riga ya gani. A ƙofar benen akwai wata mata mai jan ƙyalle a damtse, aikinta ta san mai shiga da mai fita. Muna shan shayi da safe aka ƙwanƙwasa. 'Yan sanda biyu ne, ba su ɗaga murya ba. Suka karɓi fasfo ɗaya bayan ɗaya suna duba wani littafi. Sunan kowa yana ciki ban da na Sale. Bizarsa lafiya lau, amma a littafin hukuma yana otal, ga shi kuma an same shi ya kwana a nan. Sai a ranar na gane abin da gaisuwar nan ta ranar farko take nufi. A ƙasar, duk inda baƙo ya kwana sai hukuma ta sani, kuma a shekarar wasannin ba sa ɗaga ƙafa.

Muka wuni a caji ofis ni da Sale da Alhaji Isufu. Aka kira Madam Lam, don gidan da sunanta yake. Ta zo, 'yar ƙaramar tsohuwa da gajeren gashi fari, ta tsaya wani jami'i da bai kai ɗanta ba yana yi mata faɗa a gaban mutane, tana sunkuyar da kai. Aka ci tara, aka sama wa Sale wani wuri, aka sallame mu kafin Magariba. A bakin titi ta yi wa Alhaji Isufu magana gajeriya, ta tafi.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni na jawo."

Ya ce, "Ba komai, Malam. Abin da Allah ya rubuta ne."

Na nemi in biya tarar, ya ƙi, ya ce baƙo ba ya biyan irin wannan a gidansa. Ya ci gaba da yi mini hidima kamar da, sai dai ya daina zama hira da ni. In na shigo falo sai ya tuna wani aiki.

Hajiya Rabi ce ta fasa mini ƙwan. Bayan kwana uku na tsaya daga bakin ƙofar kicin ina yi mata godiyar abinci, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam, shi ba zai hwaɗa maka ba. Tsohuwar nan ta ce ƙarshen wata a ba ta makullinta." Ta ce wannan ne karo na uku da baƙo ya kawo baƙo, kuma a irin wannan lokaci babu mai ba su wani gida. In aka karɓe, sai dai su tattara su koma Maraɗi. Ta ce ta sha gaya masa ya riƙa zaunar da mutane yana faɗa musu yadda garin yake tun ranar saukarsu, sai ya ce shi ba mai otal ba ne, ba zai tari ɗan'uwansa Musulmi da doka a bakin ƙofa ba.

Na koma ɗaki na zauna. Na san abin da yake ji, don ni ma da a gidana ne ba zan iya ba. A wajenmu mai gida ba ya kafa wa baƙo sharaɗi. Amma baƙo yana iya yi wa baƙo ɗan'uwansa nasiha, babu kunya a ciki. Kuma yawancin masu sauka a gidan, na Kano da na Maraɗi da na Yamai, wani boko ya yi, wani faransanci, wani babu ko ɗaya, amma da wuya ka sami wanda bai riƙe allo ba. Sai na yanke shawarar in rubuta musu takardar nasiha da ajami.

Na sayo tawadar ƙasar, baƙa ƙirin mai kyau, da farar takarda mai kauri. Alƙalami ne babu, sai na fiƙe tsinken cin taliya da reza, ya kuwa yi rubutu. Kwana biyu ina yi ina yagewa. Ga yadda na buɗe ta:

"Daga ɗan'uwanka Habibu na Ƙofar Wambai a Kano, wanda ya riga ka kwana a wannan ɗaki, zuwa gare ka kai da ka sauka yau. Ni ne na kawo abokina ya kwana a nan ban gaya wa mai gida ba, aka kai mu gaban hukuma, aka kunyata tsohuwar da ta ba mu gidanta. Kada ka yi abin da na yi. Ko ɗan uwarka ka gani a titi, kira Alhaji tukuna, shi ya san yadda za a yi ya kwana lafiya."

Daga nan na bi sauran abubuwan da na gani da idona. Fasfo da takardar caji ofis kada su rabu da aljihunka. Ka ɗauki katin gida kafin ka fita, ba korarka ake yi ba. Alƙibla tana wajen tagar kicin. Alwala a banɗaki, don akwai mutane a ƙarƙashinka. Na faɗi inda ake samun abincin halal da alamar da ake gane shi, da lokacin da jirgin ƙarƙashin ƙasa yake cika har mutum ba ya iya ɗaga hannu, da cewa in za ka filin jirgi a wannan cunkoso ka fita da wuri ninkin yadda ka saba. Kowane abu na haɗa shi da wautar da na yi ko na ga an yi, ban ambaci sunan kowa ba sai nawa.

Da na kai wa Alhaji Isufu, ya karanta a tsaye har ƙarshe. Ya ce in ya manna wannan, duk ɗan kasuwar Kano da ya sauka zai karanta, labarin zai riga ni isa gida. Na ce na sani. Ya ce in cire sunana. Na ce in aka cire sunan ta zama doka, doka kuma tasa ce. Sai ya fita da takardar aka yi fotokwafi, ya manna a bayan kowace ƙofa, ta asalin kuma a falo.

Kwana biyu kafin tafiyata Madam Lam ta zo duba gidan, don ta san abin da za a gyara kafin a sa wasu. Alhaji Isufu ya ajiye mata makulli ɗaya a kan tebur. Tana zagawa ta tsaya a gaban takardar, ta asalin, wadda ke falo. Ta sa tabarau, ta bi layukan da yatsa ba ta taɓa ba. Ta tambayi wanda ya rubuta, da kuma da me. Aka nuna ni, aka nuna mata tsinken. Mutanen nan suna girmama rubutun hannu, na ga haka a fuskarta, amma ba ta yi murmushi ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce a fassara mata duka.

Alhaji Isufu ya yi ta fassarawa da sinancinsa na kasuwa, yana tsayawa yana neman kalma. Da ya gama sashen farko ta ɗaga hannu, ta ce ya tambaye ni, ina dattijo, me ya sa na yi haka. Na ce ya gaya mata a garinmu in ka bar wanda kuka tashi tare a titi da jaka a hannu, har ka mutu ana faɗa. Ya gaya mata. Sannan ta ce a ƙauyensu ma haka ne lokacin tana yarinya, amma yanzu sunanta ne a littafin hukuma, ba na ƙauyensu ba.

Ta sa aka ƙara abu biyu, na rubuta a gabanta: kada a tsaya doguwar gaisuwa a ƙofar lif ana tare hanya, kuma shara da yamma ake saukar da ita. Ta ce daga yau duk wanda ya sauka, kafin a ba shi makulli sai an karanta masa wannan, ya dangwala yatsa a kwafi ɗaya a ajiye mata. Ta ciro ɗan gwangwanin jan tawada daga jakarta ta buɗe, ta turo gabana. Na dangwala. Ta turo wa Alhaji Isufu, shi ma ya dangwala. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce in aka sake ko sau ɗaya ba za ta zo da kanta ba, ɗanta za ta aiko. Ta tashi ta fita, makullin yana nan a kan tebur inda aka ajiye shi.

Takalma suka shiga kwantena, ranar tafiya ta zo. Alhaji Isufu ya raka ni filin jirgi da hantsi. Muka shiga tasi, muka fita daga cunkoson gari. Na ga in ban yi magana yanzu ba, ban san ko za mu sake haɗuwa ba.

Na ce, "Alhaji, ranar nan ka ce mini ba komai. Yau gaskiya nake so."

Ya juya ya kalli titi. Sannan ya ce, "Akwai komai, Malam. Kwana tara na riƙe ka. Ko salla kake ja mana, jikina na bin ka, zuciyata ba ta bi."

Na ce, "Yanzu fa?"

Ya ce, "Yanzu na yahe, duniya da lahira. Kai ma ka yahe mani. Da na buɗe baki tun ranar da ka sauka, da ba ka rubuta sunanka a bango ba."

Na ce na yafe. Ya kama hannuna ya riƙe, bai sake ba har direba ya tsaya ya juyo yana nuna mana mun iso.

Abin da na gani ke nan a Gwanzu. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kuskure kuwa kun riga kun ji, ban ɓoye ba.